Na'urar sauraron Littafi Mai Tsarki mai caji da rana: yadda na same ta bayan rasuwar mahaifiyata

Na'urar da zan yi magana a kanta ƙarama ce, girmanta bai wuce tafin hannu ba. Tana da farantin sola a bayanta, da lasifika a gabanta, da 'yan madannai na roba, amma ba ta da allo ko kaɗan. Abu ɗaya ne kawai a cikinta, wato karatun Littafi Mai Tsarki da Hausa, tun daga Farawa har zuwa Wahayin Yahaya, littattafai 66, surori 1,189. Ba ta kama tashar rediyo, ba a kiran waya da ita, ba ta kuma cin data. Kamfanoni da ƙungiyoyin mishan da dama suna yin irinta, kusan duk a kan tsari ɗaya, saboda haka ba zan ambaci sunan wadda ke hannuna ba, ko na shagon littattafan Kirista da na saye ta a nan cikin garin Katsina. Na saye ta ne 'yan makonni bayan rasuwar mahaifiyata domin mahaifina, wanda yanar ido ta raba shi da karatu, amma daga baya sai ya zama na fi shi riƙe ta, shi ya sa nake ganin ina da abin da zan faɗa wa mai niyyar saya wa kansa ko saya wa wani da aka yi wa rasuwa.

Duk wanda ya taɓa rasa uwa ko uba a ƙasar Katsina ya san cewa kwanakin farko ba su ne mafiya wuya ba. A kwanakin nan gida a cike yake. Matan zumunta sun shigo da tukwanensu da waƙoƙinsu, dattawan ikilisiya suna zaune a ƙofar gida, maƙwabta Musulmi suna zuwa rukuni rukuni suna gaisuwar ya haƙuri, dangi daga Malumfashi da Ƙafur sun cika ɗakuna, har mutum ba ya samun sararin da zai ji zafin abin da ya same shi. Wahalar tana somawa ne ranar da aka kwashe rumfa da kujerun haya, baƙi suka koma garuruwansu, aka bar mutanen gida da ɗakin da babu mai fitowa daga cikinsa da asuba. A lokacin ne kowa yake ce maka ka riƙe Maganar Allah. Shawara ce mai kyau, sai dai ba a cika faɗa maka yadda za ka riƙe ta ba. Ni mai karatu ne, aikina ma na takardu ne, amma a watannin nan idan na buɗe littafin sai idona ya bi layi har ƙarshen shafi ba tare da kalma ɗaya ta sauka a zuciyata ba. Abin da ido ya kasa ɗauka kuwa, kunne yana karɓarsa, musamman da dare idan wuta ta ɗauke, barci kuma ya ƙi zuwa. Amfanin na'urar na farko ke nan, kuma shi kaɗai ma ya isa ya biya kuɗinta, wanda a lokacin da na saya ya yi kusa da na ƙaramar waya mai madannai.

Wani zai ce ai akwai manhajojin Littafi Mai Tsarki a waya, kyauta ma, wasunsu har da murya. Haka ne, ina da su, ba na kuma kushe su. Amma wayar mai makoki ba wurin hutawa ba ce. A cikinta hotunan jana'iza suke, a cikinta saƙonnin ta'aziyya na WhatsApp suke shigowa har tsakar dare, a cikinta zauren dangi yake jayayya a kan kuɗin da aka kashe da wanda bai ba da gudummawa ba, a cikinta kuma lambar marigayiya take, wadda ba ka da ƙarfin halin gogewa. Mutum zai ɗauki waya da niyyar sauraron Zabura, sai ya tsinci kansa yana kallon bidiyon saukar da akwatin gawa. Na'urar nan ba ta da wata ƙofa da za ta kai ka can, kuma rashin iya komai sai abu ɗaya shi ne babban abin da na yaba mata da shi.

Abin da ya fi wannan muhimmanci a wurina, ban kuwa yi tsammaninsa ba lokacin da nake biyan kuɗi, shi ne cewa na'urar ba ta iya zaɓen aya. Sura take karantawa daga farko zuwa ƙarshe, idan ta gama ta shiga ta gaba, ba ruwanta da ko abin da ke ciki ya dace da gidan makoki ko bai dace ba. Masu zuwa ta'aziyya kuwa, da kyakkyawar niyya, ayoyi kaɗan suke zuwa da su, kusan kullum kuma iri ɗaya ne, yawancinsu domin a tsayar da kuka. Wadda aka fi jefa mini ita ce 1 Tasalonikawa 4:13, rabinta kuma ake kawowa, a ce Kirista ba ya baƙin ciki. Da na saurari surar gaba ɗaya sai na ji cewa Bulus bai hana baƙin ciki ba, abin da ya hana shi ne baƙin ciki irin na waɗanda ba su da bege, daga nan ya ba da dalilin begen, wato mutuwar Yesu da tashinsa, ya kuma rufe da cewa su riƙa ta'azantar da juna da maganar. Bambancin da ke tsakanin waɗannan biyu ba ƙarami ba ne ga mutumin da yake ɓoye hawayensa a bayan gida don kada a ce bangaskiyarsa ta yi rauni.

Haka abin yake da Yahaya sura 11. A wurin jana'iza aya ta 25 ake karantawa, inda Yesu ya ce shi ne tashin matattu da rai, daidai ne kuwa a karanta ta. Amma mai sauraron surar duka zai ji cewa Li'azaru ya riga ya kwana huɗu a kabari kafin Yesu ya iso Betanya, zai ji Marta ta tare shi da cewa da yana nan da ɗan'uwanta bai mutu ba, zai kuma ji 'yar'uwarta Maryamu ta maimaita wannan magana kalma da kalma, Yesu bai tsawata wa ko ɗaya daga cikinsu ba. Sannan ya ji aya ta 35, inda wanda ya san zai ta da mamacin nan da ɗan lokaci kaɗan ya tsaya ya zub da hawaye. Na daɗe da sanin ayar, yara ma suna haddace ta saboda gajartarta, amma jin ta a mazauninta, bayan ƙorafin 'yan'uwa mata biyu, wani abu ne dabam. Ni ma ina da irin ƙorafinsu a kan watannin jinyar da muka yi muna addu'a, ban kuwa taɓa furta shi a gaban kowa ba.

Zabura ce ta fi ba ni mamaki. Mun saba da ta 23, Ubangiji makiyayina ne, da ta 90, da ta 121, su ake bugawa a takardar tsarin sujadar jana'iza. Wanda ya bar na'urar ta yi ta tafiya a cikin zabura 150 kuwa, zai tarar cewa kaso mai yawa daga cikinsu kuka ne. Ta 13 ta tambayi Ubangiji har yaushe sau huɗu a jere. A ta 35, aya ta 14, mai zabura ya kwatanta tsananin baƙin cikinsa da na mai makokin mahaifiyarsa, yana tafe a sunkuye. Ta 88 kuwa ta fara da kuka ta ƙare da duhu, babu juyowa zuwa yabo a ƙarshenta kamar yadda yawancin sauran suke yi, ban kuma taɓa jin an yi wa'azi a kanta a majami'armu ba. A ra'ayina, kasancewar irin wannan addu'a a cikin Littafin ya fi ta'azantar da wanda ke tsakiyar makoki fiye da alkawarin da ake karanta masa tun bai shirya jinsa ba, domin tana nuna masa cewa akwai wurin da zai kai maganar da yake jin kunyar faɗa wa fasto. Bayan haka ne alkawuran suke samun wurin zama, irin su Zabura 27:10, cewa ko uwa da uba sun bar mutum Ubangiji zai karɓe shi, da Wahayin Yahaya 21:4, inda aka ce za a share dukan hawaye.

Akwai kuma batun tsawon makoki, wanda a nan ne littafin Farawa ya taimake ni. A wurinmu, da zarar an yi sujadar godiya a ranar Lahadin da ta biyo bayan jana'iza, ana sa ran ka koma yadda kake, idan wata uku suka wuce kana nan jiya i yau sai a fara yi maka nasiha. To, Saratu ta haifi Ishaku tana da shekara 90, ta rasu tana da 127, ke nan yana da shekara 37 ya rasa ta. Ya auri Rifkatu yana da shekara 40, a ƙarshen sura ta 24 ne kuma aka ce ya sami ta'aziyya bayan rasuwar mahaifiyarsa. Kimanin shekara uku ke nan, ga babban mutum, ɗan alkawari, Littafin kuma bai zarge shi da komai ba. Da Yakubu ya cika, Yusufu ya faɗa a kan fuskar mahaifinsa yana kuka yana sumbatarsa, Masarawa suka yi makoki kwana 70, aka ƙara wani na kwana bakwai a hanyar kai shi makwancinsa. Isra'ilawa sun yi wa Haruna kwana 30, suka yi wa Musa kwana 30. Babu wanda zai tsaya ya lissafa maka waɗannan a zaman ta'aziyya. Sai dai ka ci karo da su da kanka, na'urar kuwa, da yake ba ta tsallake komai, tana kai ka wurinsu.

Lasifikarta tana da ƙarfin da zai cika tsakar gida, wannan kuma ya sa sauraron ya zama na iyali, ba na mutum ɗaya ba. Gidanmu, kamar gidajen Hausawa Kirista da yawa a wannan jiha, rabi da rabi ne, ƙanwar Baba Musulma ce, ita ce kuwa ta fi kowa daɗewa tare da mu bayan rasuwar. Wata rana da yamma Baba yana sauraron Farawa sura 25, Goggo tana gefe tana tsince shinkafa, aka zo wurin da Ishaku da Isma'ilu suka haɗu suka binne mahaifinsu Ibrahim a kogon Makfela. Ta dakata ta ce, "Yaya, ashe tare suka rufe shi?" Baba ya ce, "Tare, kamar yadda kika ji." Ba su ƙara wata magana a kai ba, ba kuma wanda ya yi ƙoƙarin jawo wani zuwa wani wuri. Na kawo wannan ne don in nuna cewa abu ne da za a iya kunnawa a gidan da ke da addini biyu ba tare da an takura wa kowa ba, muddin mai kunnawa ya san lokacin da ya kamata ya rage murya, kamar lokacin kiran salla.

Yanzu sai aibobinta, suna da dama kuwa. Mafi girma shi ne wahalar neman wuri. Da yake babu allo, da madanni ake tafiya, ɗaya na littafi, ɗaya na sura. Zabura ita ce littafi na 19, Yahaya na 43, wanda kuma yake son Zabura ta 90 sai ya yi ta dannawa yana ƙirge, idan ya zarce ya dawo baya. Muryar tana faɗin sunan littafi da lambar sura, wannan yana taimakon wanda ba ya gani sosai, amma ba za ka iya zuwa kan aya kai tsaye ba, madannin ajiye wuri kuma wuri ɗaya kawai yake riƙewa. Abin da na yaba a sama, wato rashin zaɓen aya, shi ne dai yake zama cikas a daren da ba ka bukatar komai sai Yahaya 14. Babu kuma yadda za ka sa ta kashe kanta bayan wani lokaci, saboda haka mutum yakan yi barci a Zabura ya farka a Karin Magana, batir kuma ya kusa ƙarewa. Madannan suna da taushi ƙwarai, duk kuma kusan siffa ɗaya ce da su, sai da muka ɗiga ɗan gam a kan na kunnawa kafin yatsan Baba ya riƙa gane shi.

Karatun kansa a fili yake, ba sauri, ba kuma jan rai. Sai dai a Sabon Alkawari an yi shi kamar wasan kwaikwayo na rediyo, da muryoyi daban daban da kiɗa a ƙarƙashi, a wasu wuraren kuma kiɗan yana neman ya gaya maka abin da ya kamata ka ji a ranka. Ga yara da sabon mai sauraro wannan yana jan hankali, amma mai makoki ya fi son murya ɗaya tsurarta, kamar yadda aka yi Tsohon Alkawari. Hausar masu karatun ba irin tamu ta Katsina ba ce, Baba ma da jin farko ya ce wannan yaron daga wajen Jos ya fito, wani lokaci kuma ƙa tana komawa ka a bakinsu. Ba ya hana fahimta, kunne kuma yana sabawa. Abin da ya fi wannan nauyi shi ne fassarar da aka ɗora. An fara buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a shekarar 1932, aikin da Dokta Walter Miller na Zariya ya taka babbar rawa a cikinsa, aka kuma fito da sabuwar fassara wajen shekarar 1980, akwai wasu ma bayanta. Tsofaffinmu da yawa da ta 1932 suka koyi karatu, ita suka haddace, a bakinsu Yohanna ne ba Yahaya ba. Tawa sabuwar ce a ciki, Baba kuwa yakan bi karatun da baki har su rabu da mai karatun a tsakiyar aya, abin yana ɓata masa rai, domin mutumin da ya rasa abokiyar zamansa kalmomin da suka saba faɗa tare yake nema. Mai saya wa dattijo ya kamata ya sa a kunna masa Zabura ta 23 tun a shago ya ji ko ita ce wadda aka sani a gida.

'Yan Katolika ma su lura. Littattafai 66 ne a cikin tawa, nasu kuwa 73 ne, ke nan babu littafin Hikima, wanda sura ta 3 daga cikinsa, mai cewa rayukan adalai suna hannun Allah, tana cikin karatun da suke yi a jana'iza, babu kuma Makabiyawa. Tunda Katsina ta sami dayosis ɗinta a shekarar 2023, da Bishop Gerald Mamman Musa a matsayin bishop na farko, masu neman irin wannan kaya da Hausa za su ƙaru, ya kamata masu shago su san bambancin, su kuma faɗa wa mai saya kafin ya biya.

Batun caji da rana gaskiya ne, amma ba kamar yadda aka zana a kwali ba. Farantin ƙarami ne. A bazara, daga Maris zuwa Mayu, yinin rana ɗaya yana ba da sauraron dare mai kyau, sai dai zafin garin nan a lokacin yana iya kumbura batir idan aka manta da ita a kan kwano, gara a ajiye ta a bakin taga ko a kan tabarma. A hunturu kuwa, idan hazo ya rufe gari daga Disamba zuwa Fabrairu, cajin yana raguwa ƙwarai, ƙura kuma tana kwanciya a kan farantin, dole a riƙa gogewa. An yi sa'a tana karɓar caji da igiyar waya, da ita muke cikawa idan an kawo wuta. Jikinta ya jure faɗuwa daga kan gado ba sau ɗaya ba, amma ramin abin sawa a kunne ya saki da wuri, masu gyaran waya da na kai wa kuma suka ce ba su da kayanta.

Akwai wani haɗari da ba laifin na'urar ba ne, amma tare da ita yake zuwa. Tana da sauƙin zama maɓoya. Mutum zai iya rufe ɗaki da ita ya daina zuwa sujada, ya daina amsa sallama, yana ganin ai da Maganar Allah yake zaune. Mai ba da ita kyauta kuma zai iya ɗauka cewa ya gama ta'aziyyarsa. Littafin da take karantawa bai yarda da ko ɗaya ba. Abokan Ayuba uku sun zauna tare da shi a ƙasa kwana bakwai, dare da rana, ba wanda ya ce uffan, shi ne kuwa abu mafi kyau da suka yi, domin da suka buɗe baki suna neman dalilin masifarsa har Allah ya yi fushi da su a sura ta 42. Romawa 12:15 ta ce a yi kuka tare da masu kuka, na'ura kuwa ba ta iya wannan. Wata dattijuwa daga zumuntar mata, ƙawar mahaifiyata, ta riƙa zuwa kowane mako da kunu a kwano ta zauna wurin Baba, wani lokaci su kunna sura ɗaya su saurara tare, wani lokaci hira kawai suke yi a kan marigayiya, a ganina kuma haka ne amfani da na'urar ya fi yin kyau. Wanda makokinsa ya kai ga ya daina cin abinci, ko barci ya ƙaurace masa wata da watanni, ko ya fara tunanin gara ya bi mamacin, wannan ya wuce aikin lasifika, yana bukatar fastonsa da likita, kada kuma a yi jinkiri.

Ina ba da shawarar sayenta ga wanda ke da tsoho ko tsohuwa da ido ya gaza, da wanda bai iya karatu ba, da kuma mai karatun da baƙin ciki ya toshe masa kai na wani lokaci. Ba na ba da shawararta ga mai son nazari da kwatanta ayoyi, shi littafin takarda ko manhaja ya fi masa. Kafin a biya kuɗi a tambaya ko duka Littafin ne a ciki, domin wasu Sabon Alkawari ne kawai, wanda ya sayi irin wannan kuwa ya rasa Zabura da Ayuba da Farawa, waɗanda su ne rabin amfaninta ga mai makoki. A gwada kowane madanni a gaban mai shago, a nemi takardar shaidar saye, a kuma rubuta jerin littattafan da lambobinsu a ɗan kati a manna a kwalin, domin mai taya dattijo neman wuri ya huta. Akwai masu batir a rufe, akwai kuma masu batirin da ake cirewa irin na ƙananan wayoyin Nokia, wanda ake samu a kowace rumfar masu waya a babbar kasuwa. Tawa mai rufaffen batir ce, idan ya mutu ta mutu ke nan. Wadda zan aika wa ƙanwata a Daura, mai batirin cirewa zan nema, ko da ta ɗan fi tsada.